Faifai Biyu a Ƙasan Akwatinki

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Uwani.

Gaisuwa mai yawa da sa albarka daga mahaifiyarki. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ke da maigidanki, Ya tsare ku a sama da ƙasa, Ya haɗa ku da mutanen kirki a ƙasar da ba ku da kowa sai Shi. Na san ba za ki gan ta ba sai kin kwance kaya a Italiya, don can ƙasan akwati na cusa ta, a tsakanin fayafayai biyu. Kada ki taɓa fayafayan tukuna. Ki karanta ki gama, zan zo kansu.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Yanzu haka da nake rubutun nan ina jiyo muryarki a tsakar gida kina faɗa da ƙannenki a kan caja, to wane labari ne ba ki sani ba? Abin da ya sa na rubuta ban faɗa da baki ba, kin san halina, in na fara magana mai muhimmanci sai ta rikiɗe ta koma faɗa. Ke kuma kin iya sunkuyar da kai kamar ta Allah, ki bar maganar ta wuce ta saman ɗankwalinki. Takarda ba ta ɗaga murya, kuma za ki iya sake karanta ta ranar da kika huce.

Kin tuna ranar da kika zauna kusa da ni ina tsaga kaba, na tambaye ki wai me za ki je karantowa ne da babu shi a Katsina ko Kano? Kika ce Latin, harshen Rumawan da, wanda yau babu uwar da ke yi wa ɗanta magana da shi, kuma da shi za ki karanta yadda suka yi noma da girki da sana'o'insu. Na ce, "To Rumawan nan naki, ko faifai suna da shi?" Da zolaya na yi tambayar, sai kika gyara zama kika ce, "Umma, suna da shi mana. Wannus suke ce masa, da shi suke sheƙe alkama." Daga nan kika ɓalle. Korbis shi ne kwandon da suke kwasar amfanin gona. Sitoreya tabarma. Nassa abin da masunta ke saƙawa su ajiye a ruwa, kifi ya shiga ya kasa fita. Fiskela ɗan kwandon tsane cuku, kuma da irinsa suke yi wa shanun noma takunkumi. Wimen kuwa shi ne tsumagiya mai lanƙwasuwa da suke saƙar da ita, kamar dai gezarmu. Na rubuta su yadda kunnena ya ji, in na ɓata sai ki gyara, ke ce malama.

Na ji daɗin hirar nan ƙwarai. Ashe mutanen da suka gina waɗancan manyan gine-ginen da kika nuna mini a waya, su ma sai da wata mace ta zauna ta saƙa musu abin sheƙa kafin su ci tuwo. Amma sai kika ƙara wata magana. Kika ce sunayen sun fi haka yawa, kuma da dama daga cikinsu malamanku ba su da tabbacin wane irin kwando ake nufi, ko babba ne ko ƙarami, ko yana da marfi ko babu. Kika ce tukunya in ta fashe ana tono kaskonta ko bayan shekara nawa, kwando kuwa ruɓewa yake yi, ƙasa ta cinye shi, sai sunan ya rage a takarda. Kin faɗa kina tauna gyaɗa, kika tashi kika tafi amsa waya. Ni kuwa tun ranar maganar take cina.

Ga abin da ke raina, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Akwai wani rufin bakin faifai irin na Inna, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta. Ɓad-da-sawu take ce masa. Kowace mai saƙa in ta zo ƙarshen faifai yanke ciyawar ciki take yi ta cusa wutsiyar, sai ki ga ɗan tudu a wurin, kuma daga nan faifan ke fara tsefewa. Na Inna ba shi da wannan tudun. Ki zagaya bakin da ido, ki zagaya da yatsa, ba za ki ce ga inda aka tsaya ba, kuma cibiyar faifan kan mutu bakin yana nan. A duk danginmu, na Zango da na nan Daura, ni kaɗai na rage da shi a hannu. Idona kuma kin sani, ciwon yana ya fara rufe shi. Ba na so rufin nan ya bi kwandunan Rumawanki, a ce an taɓa yin wani abu mai wannan suna, ba a san yadda yake ba.

Kafin in zo kan abin da nake so ki yi, bari in ba ki labarin wautar da na tafka a sana'ar nan, ko za ki tsinci abin amfani.

Ina yarinya a ƙauyenmu na bayan Zango, gaggawa ce babban ciwona. Inna kan jiƙa kaba ta nannaɗe ta cikin ɗanyen tsumma, ta tafi ta yi wani aikin, sai ta yi laushi take taɓa ta. Ni a ganina ɓata lokaci ne. Wata rana ta tafi unguwa, na ɗauko busasshiyar kaba na hau saƙa don ta dawo ta tarar na yi nisa. Na yi nisan kuwa. Sai dai kowane ɗinki da na ja, kabar ta tsage a gwiwa, faifan ya fito da ƙaiƙayi kamar bayan bushiya, ga yatsuna duk sun yayyanke. Inna ta dawo ta juya shi, ta rufe kaskon kaji da shi. Kullum in na fito sai na gan shi, kaji suna hawa kai.

Za ki shiga cikin mutanen da ba ki san yadda suke lanƙwasuwa ba, Uwani. Ke kuma jinina ce, kina da baki, kina son a san kin iya tun ranar farko. Ki yi haƙuri ki zauna tukuna. Ki ga yadda suke gaisawa, da abin da ke ba su haushi, da abin da suke ɗauka raini. Ki bar malamanki su gama magana kafin ki kawo taki. Haka maigidanki, shi ma baƙo ne a can, zai yi ta ɗacin rai ba dalili saboda sanyi da kewar gida. Ranar da kika ga ya bushe, ba ranar gyara masa hali ba ce, ki ba shi abinci mai zafi ki ƙyale shi.

Ta biyun ta fi ban kunya, don lokacin na yi aure na zo birni, har ana cewa amaryar gidan Malam ta iya hannu. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, Gwaggo Tabawa mai daddawa, ba ki tashi kin same ta ba. Ta aiko a ce mini tana son kwando. Ni kaba na gada, amma na taɓa saƙar geza a wurin kawuna, don haka na ce an gama. Na zage na yi mata kwando na gani na faɗa, na matse saƙar tsam-tsam yadda ko ƙwayar gero ba za ta zube ba. Na aika mata ina jiran yabo.

Washegari sai ga ta da kanta, kwandon a hannu yana ɗigar ruwa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ke 'yar nan, kwando na ce ko kwatarniya?" Na ce, "Gwaggo, me ya faru?" Ta ce, "Kalwa nake wankewa a ciki. In na dafa ta na sussuke, sai in zuba in yi ta kwara ruwa, ɓawon ya bi ta ƙofofin ya fita. Naki ya riƙe ruwan, ya riƙe ɓawon, ya riƙe har da ni tun safe. Da kika ji kwando, ba sai ki ce na mene ne ba?" Matan gida suka yi ta dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Gaskiyarta. Suna na ji, na hau aiki, ban tambayi abin da za a zuba a ciki ba.

Da kika ce fiskela na tsane cuku ne, Gwaggo Tabawa ce ta faɗo mini a rai. Na ce a zuciyata, to wannan dole saƙarsa ta zama sakwa-sakwa, in ba haka ba ruwan nonon ta ina zai bi? Ga shawarata a kan karatunki, duk da ni iyakata ajin yaƙi da jahilci. Duk sunan da kika tarar a littattafan nan, kada ki tsaya ga haddace shi. Ki bi sawunsa ki ga me aka zuba a ciki, wa ya ɗauka, a ka ko a baya ko a kan jaki, jiƙaƙƙen abu ne ko busasshe. Na san malamanki sun fi ni sanin wannan, aikinsu ne. Amma ke kin tashi a gidan da ake sheƙa da faifai, ake tankaɗe, ake rataya ƙwarya a ragaya, kin ga mangala a bayan jaki ranar kasuwar Mai'aduwa. Kada ki ajiye wannan a bakin ƙofar aji kamar takalmi, ki shiga da shi.

Akwai kuma lokacin da galura ta shigo kasuwa, launi kala-kala mai ɗaukar ido. Inna da karan dafi take rina ja, ni na ga nata ya yi duhu, na sayo galura na rina kaba ban gwada ta da ruwan zafi ba. Aka rufe tuwon suna da faifaina, tururi ya taso, aka buɗe a gaban baƙi aka tarar da tuwo ya yi shuɗi da ruwan hoda. Har yau akwai tsofaffin da in sun gan ni sai sun tambaye ni ko akwai sauran tuwo mai kwalliya. Ban daina amfani da galura ba, na dai koyi dafa ta da gishiri in gwada a ɗan guntu tukuna. Za ki ga sababbin abubuwa a can, na ci da na sawa da na tunani. Ban ce ki guje su ba, wasu sun fi namu. Ki dai gwada a gefe kafin ki ɗora a kan sallarki ko aurenki.

Yanzu ga babbar.

Da kayan roba suka cika kasuwa, tire da kwando da marfi duk na roba, sai na yanke wa sana'ar hukunci ni kaɗai. Na ajiye basilla, na sayi keken ɗinki. In na je Zango gaida Inna, sai in tarar da ita a gindin bishiya tana saƙa, ta ce, "Zo ki zauna in nuna miki rufin nan, ke kaɗai ce hannunki ya faɗa." Ni kuma in ce, "Inna, an daina yayin wannan, wa zai tsaya duba bakin faifai yanzu?" Ta ce, "To." Ba ta taɓa matsa mini ba. A raina ina cewa ai tana nan, duk ranar da na so sai in koya. Wata damina ta kwanta ciwo, kafin a yanke gero an yi sadakar bakwai ɗinta.

Bayan wasu shekaru wata mata ta zo daga Zango za ta aurar da 'yarta. Ta ce tana son fayafayan jere, amma masu baki irin na Inna, wai nata na aure har yanzu ba su tsefe ba. Na buɗe baki na ce, "A'a, ɓad-da-sawu ke nan, ai namu ne." Na ɗauko basilla na yi saƙa lafiya lau har na zo baki, sai hannuna ya tsaya cak. Na je wurin ƙannen Inna ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta san sunan, har da yi mini bayani da hannu a iska, wai ana rage ciyawar ne, wai ana komawa baya ne. Na miƙa musu basilla, babu wadda ta karɓa.

Faifai ɗaya na Inna ya rage a hannuna, wanda take rufe ƙwaryar furarta da shi. Tun rasuwarta na naɗe shi a zane na sa a ƙasan adudu, ba na bari ko ƙuda ya sauka a kai. Na daɗe ina ɗauko shi ina mayarwa. Rannan da hantsi, bayan kun tafi makaranta, na jiƙa bakinsa da ruwan ɗumi, na zauna ina lalube da yatsa har na gano inda ta ɓoye wutsiyar. Na sa basilla na zaro ta. Ina warwarewa ina kuka, don ji nake kamar hannunta nake ɓamɓarewa daga kan abin. Amma kowane ɗinki da na kwance sai ya nuna mini yadda aka yi shi. Na ga inda ta fara zare ciyawar ciki sili-sili har ta sirance, na ga inda kabar ta koma baya ta haye 'yar'uwarta ta nutse a ƙarƙashin layin da ya gabata. In na kwance ɗaya, sai in ɗauki nawa faifan in yi irinsa, in ɓata, in sake. Ban tashi ba sai da hannuna ya kama.

Faifan Inna bai koma yadda yake ba. Na mayar da bakin da kaina, kuma duk wanda ya duba zai ga inda sabuwar kaba ta haɗu da tsohuwa. Na yi baƙin cikin wannan, ba zan ɓoye miki ba. Amma fayafayan da na rufe tun daga ranar suna ɗakunan mata daga nan har Mashi, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba.

Sai ga shi ke ma na yi miki irin tawa wautar ta wata fuska. Tun kina firamare kin iya fara cibiya, kin iya jan layi ya tafi daidai, hannunki ya fi nawa tsabta a shekarunki. Amma duk sanda kika zo baki sai in ce, "Kawo nan, za ki ɓata," in karɓe in rufe da kaina, don ba ni da haƙurin kallon ana ɓata kaba. Ke kuma kin sami sauƙi, sai ki miƙo ki koma kan littafinki. Da maganar tafiyar nan ta taso na ce zan zaunar da ke, sai kika shiga zirga-zirgar takardu tsakanin Kano da Abuja. Ranar da muka gwada, kin ga yadda ta kaya. Na kasa faɗin abin da yatsuna ke yi, na hau ki da faɗa, kika ce bari ki ɗauka a waya. Na kalli abin da kika ɗauka. Babban yatsana ne kawai ya cika hoton, aikin kuwa a ƙarƙashinsa yake faruwa.

To yanzu ɗauko fayafayan.

Na sama, mai ja da baƙi, shi ne na ƙarshe da na rufe ina ganin abin da nake yi. Da karan dafi na rina shi, irin na Inna. Likita ya ce bayan kaka za a yi wa idon aiki, mai yiwuwa ya washe, mai yiwuwa ya tsaya yadda yake, duk wanda Allah Ya zaɓa na karɓa. Na ƙasa kuwa naki ne, wanda kika fara kika watsar a bayan randa. Na kakkaɓe shi, ban ƙara masa ko ɗinki ɗaya ba, bakinsa yana nan a buɗe yadda kika bar shi. A cikin safar da ke gefe akwai basillata da ƙullin kaba da ciyawa, sun isa ki ɓata ki sake har sau da yawa.

Ki warware nawa, Uwani.

Na san ki. Kin nuna mini yadda mutanen can ke ajiye kayan da a cikin gilashi, da fitila a kai, ba mai taɓawa sai da safar hannu. Na yaba musu, da ba su adana ba da ba ki sami abin karantawa ba. Kuma na san abin da zuciyarki za ta ce miki, wai wannan na Umma ne, na ƙarshe ne, bari in rataye shi a bango in riƙa kallo in na yi kewa. Ban yarda ba. In kewata kike yi ki kira ni a waya, bakina bai yi yana ba. Wannan faifan don a kwance shi na saƙa shi, har na ɗan sassauta hannu a baki don kada ya ba ki wuya.

Ki zaɓi ranar da ba ki da aji, ki zauna inda haske yake. Ki jiƙa bakin da ruwan ɗumi, ki jira, kada ki yi irin tawa gaggawar. Ba zan gaya miki inda wutsiyar take ba, nemanta ma karatu ne. In kin same ta ki zaro a hankali, ki kwance ɗinki ɗaya, ki dube shi, ki yi irinsa a naki. Za ki ɓata, za ki ji haushi, za ki ce tsohuwar nan ta haɗa ni da aiki. Ki ci gaba. Jinin Inna ne a yatsunki, kuma wadda ta iya zama ta haddace yaren da masu shi suka mutu, bakin faifai ba zai gagare ta ba. Ban da ko shakka a kan wannan.

In kin rufe, ki yi amfani da shi. Ki rufe abincin maigidanki, ki yi fifita da shi in zafinsu ya zo, ya sha tururi ya yi duhu. In wata a cikin abokan karatunki ta tambaya, ki gaya mata sunansa da namu harshen, ki ce ɗan'uwan wannus ɗinsu ne, sai dai namu yana da rai. In ta ce ki koya mata, ki koya mata, kuma in ta zo baki kada ki karɓe.

Sauran abin da uwa ke faɗa kin riga kin sani. Ki riƙe salla a kan lokacinta ko da ba ki ji kiranta ba. Ki sa rigar sanyi, ban da taurin kai. Ki riƙa kiran Babanki, ba zai ce yana kewarki ba, amma tun da aka sa ranar tafiya yake zama a zaure yana share tabarau ba dalili.

Ranar da Allah Ya dawo da ku, kowa zai zo ganin takardar shaidarki, ni ma zan yi guɗa a kanta har unguwa ta ji. Amma in an watse, faifan za ki miƙo mini. Ba sai idona ya gani ba. Yatsa zan ɗora a bakinsa in zagaya, in na dawo inda na fara ban ji inda kika tsaya ba, to na san Inna ba za ta zama suna kawai ba.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. Ya buɗe miki ƙirji, Ya sa karatun ya amfane ki ya amfani wasu, Ya kare ku daga sharrin hanya da na baƙunta. Na yafe miki duniya da lahira, Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Umma